Hoton Yarona a Cikin Kwantena

Shekarar da muka tare a Madawa, yarona ya yi zawo da damina har ya koma ƙashi da fata. Ɗan fari ne, ba ni da bakin nuna damuwa a gaban mutane. Sai dai in goya shi, in riƙa lalubar ƙafarshi ta ƙarƙashin zane in ji ko da sauran ɗumi. Ranar da na kai shi awo, malamar da ke wurin ta naɗa mishi wani ɗan zare mai launi uku a damtse, zaren ya tsaya a kan ja. Ta ce tamowa ce. Ta tuɓe shi tik, ta aza shi bisa sikeli, ta ɗaga wata faffaɗar waya mai kama da allo ta ɗauke shi hoto yana kuka, haƙarƙari duk a waje. Ta rubuta sunanshi da nawa da lambar wayata da unguwarmu, sannan ta ba ni abincin ledar nan mai kama da tunkuza.

Na san inda hoton zai tafi, don maigidana ne ke gyaran abin da ke cikin allunan. Wata ƙungiya ce ta ɗauke shi, shi da wasu abokan aiki a Yamai, su kula da allunan tun daga Madawa har Buza da Keita. Biro ɗinsu, wato ofis, ɗaki ɗaya ne a bayan tasha, da wani inji a ciki mai gurnani, amma zafi ya sa ya fi zama gida ƙarƙashin rumfa, ordinatar, wato kwamfuta, bisa gwiwa, ni kuma ina gefe ina tsintar hatsi. Ban wuce aji uku a lakwal, makarantar boko, ba, faransancina na gaisuwa ne. Sai dai wanda ake magana a gabanshi kullum, ko bai so ba sai ya tsinci wani abu.

Abin da ya hana ni sukuni, na taɓa ganin irin wannan hoto a waya. Wata maƙwabciya ce ta nuna mini: yaro ramamme tsirara, an rubuta a ƙasa a taimaka don Allah, an sa wata lamba. Hoton ya zaga Madawa, ya je Bangi, ya dawo. Wa ya san ko uwar yaron tana da labari. Ga uwar mijina a Ibohamane, ƴaƴanta mata kowace da waya a hannu, kuma ba su san yaron ya kai ga ja ba, zazzaɓi muka ce musu. In suka gani ba wanda zai ce zawo ne. Cewa za a yi nonona ya ɓaci, ko na yi gaggawar komawa ɗakin miji, ɗan ma'aikaci guda ana ba shi abincin leda. A garinsu irin wannan magana ba ta mutuwa. Yaro zai yi gemu ana tuna mishi.

Wata rana da hantsi na daure na tambaye shi.

"Hoton nan, wa ke iya ganinshi?"

"Malaman awo."

"Da wa?"

"Da mu masu gyara."

"Da wa kuma?"

Ya hau sosa haɓa. Ni na san wannan sosawar, ita yake yi in ya manta cefane.

Ya ce, "Kin san kwantenan da manyan motoci ke wucewa da su bisa titin gudro?" Na ce na sani. Ya ce to haka suke ɗaure aikinsu. Duk abin da aikin ke buƙata don ya tashi, sai a zuba shi wuri ɗaya a rufe, su ma kwantena suke ce mishi, a tura shi can babban injin da hotuna ke ciki. Amma kayan da ke cikin kwantenan, ɗan kaɗan ne nasu. Sauran duk na aro ne, wasu mutane ne a duniya suka rubuta suka bari kyauta, kowa ya ɗiba. Kuma a cikin kayan aron nan akan gano ɓaraka, wadda ɓarawo zai bi ya shiga ya kwashi abin da yake so, yana zaune a wata ƙasa, bai taɓa taka Madawa ba.

Na ce, "Kuna dubawa kafin ku tura?"

Ya ce, "Ba mu dubawa."

Na aje faifai na dube shi. Ni da ko gero na aro gidan maƙwabta sai na tsince tsakuwa kafin in kai turmi. Maza ne masu takardu, an tura su karatu har Yamai, suna kwasar kayan da ba su san mai shi ba su zuba a kan hoton ɗana, su rufe, su ce an gama aiki.

Ya ce kada in yi mishi wannan kallo, ya daɗe yana roƙon shef ɗinsu, shugabansu na Yamai, ya bar shi ya sa abin dubawa, kullum amsar ita ce za a gani. Amma yanzu an ce wasu baƙi masu riƙe da proje, wato masu ba aikin kuɗi, za su zo, kuma suna tambayar irin wannan, don haka an ba shi dama. Ashe sai baƙi sun tambaya ake tuna ƙofa.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Suna da wani tsari da suke kira da wata kalma mai nufin bututu. Duk sa'ad da ɗayansu ya taɓa aikin, ko harafi ɗaya ya canza, injin nan na bayan tasha da kanshi zai ɗauka ya haɗa, ya gwada, ya ɗaure a kwantena, ya tura. Shi kuma zai ƙara mataki ɗaya kafin turawa, wani abu mai suna sikanar. Sikanar zai buɗe kwantena ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya, ya gwada su da labarin ɓarakar da duniya ta riga ta sani. In ya sami mai haɗari sai ya tare hanya ya nuna ja, ba abin da zai wuce. In bai samu ba ya nuna tsanwa.

Ranar farko da ya kunna shi, fuskar ordinatar ta cika da ja, yana ta ja da yatsa ba ta ƙarewa. Sai na ga mutumin nan yana murmushi. Na ce, "Ka ga maciji a ɗakinka kana dariya?" Ya ce, "Gara da na gan shi." Wannan kam gaskiya ya faɗa, ban yi musu ba.

Makonnin da suka biyo baya ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinshi ba. Ya riƙa fitar da tsofaffin kayan aro yana sa sababbi, waɗanda ba a buƙata ya watsar gaba ɗaya. Ashe kwantenan cike yake da tarkacen da ba wanda ya san ranar da aka zuba, kamar ƙarƙashin gadon tsohuwa. Wani lokaci ya canza abu ɗaya wani ya lalace, ya yi tsaki ya koma baya. Kullum ina leƙawa ta bayan kafaɗarshi in ga jan yana raguwa. A lokacin har fura nake dama mishi da nono mai kauri ba tare da ya tambaya ba. Da tsanwa ta fara fitowa ya kira ni ya nuna mini, na koma ɗaki na ɗauki yaron na rungume shi inda ba mai ganina.

Ba a daɗe ba sai ƙorafi ya taso. Sikanar ɗin, kafin ya duba komai, sai ya fara ɗauko sabon labarin ɓaraka daga can nesa, don kullum ana gano sababbi. Labarin kuma da nauyi, rezon Madawa kuwa, wato hanyar intanet, kowa ya san shi, tafiyar jakin da ya sha kaya. Na Yamai su canza kalma ɗaya da hantsi, su zauna jira har la'asar. Wani lokaci rezo ya yanke a tsakiya, abin ya nuna ja ba don ya ga ɓaraka ba, don kawai bai samu labari ba. Waya ta dinga ƙara. Maigidana yana sa ta a babbar murya saboda hannunshi na kan aiki, ina jin su suna faɗa da faransanci, ina tsintar "Madawa, Madawa" kamar sunan wata cuta.

Sai shef ya zo da kanshi, ana saura kaɗan baƙi su iso.

Na ga mutane iri-iri amma ban taɓa ganin mai goge kujerar gidan mutane da hankici kafin ya zauna ba sai shi. Takalmi mai tsini, turare tun daga zaure, waya biyu ya jera su bisa tabarmata kamar zai sayar. Ubanshi mutumin wajen Buza ne, kowa ya sani, amma Hausa ta hanci yake yin ta, kamar an ba shi aronta ne yana tsoron kada ta ƙare. Na kawo tuwo da miyar kuɓewa, ya nemi cokali. Maigidana, mai iyali, shi yake kira "peti", wato ɗan yaro, maigidana kuma yana amsawa da sauri har da ɗan duƙawa.

Bayan sun ci aka ɗora shayi, aka buɗe ordinatar. Ina bakin murhu, yaron na bayana. Suka yi ta faransanci, sai shef ya juya Hausa, don yana son in ji barkwancinshi.

"Peti, abin nan naka ya fi surukuwa bincike. Kwantena ɗaya sai ya wuni yana shinshina?"

"Ba duban ne ke daɗewa ba, shef. Ɗauko labarin ne."

"To ya daina ɗaukowa mana. Ba yana da wanda ya ɗauko jiya ba?"

"Yana da shi."

"Shi ke nan. Ya yi aiki da shi. Ni ban ce ka cire ba, a'a, baƙi na son ganinshi. Ka ce mishi kawai ya bar zuwa neman labari."

"Shef, sababbi kullum fitowa suke. In bai ɗauko ba, na jiya kawai zai sani."

"Sai mu sabunta in rezo ya gyaru."

"Yaushe ke nan?"

"Ni na ƙera rezo? Kai peti, kana son baƙi su zo su tarar da ja? Su ce mi muke yi tun bara?"

Maigidana ya sosa haɓa. Na zuba mishi ido daga bakin murhu, na san ya ji idona a wuyanshi, don bai waiwayo ba.

Ya ce, "To, shef."

Layi ɗaya ya rubuta. Ni da na ga makonnin da ya kwashe yana fama, na ga kuma ɗan abin da ya ishe shi rushe su, ko tsawon yatsa bai kai ba. Suka tura gwaji. Kafin a zuba shayi na biyu tsanwa ta fito. Shef ya tafa hannu ya ce, "Ka gani? Wannan shi ne aiki."

Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Shef, a gafarce ni. In sabuwa ta fito gobe fa?"

Ya juyo ya dube ni kamar akuya ce ta yi sallama. Sai ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai peti, Madam ma ta shiga aikin? Madam, zo ki gani. Wane launi ne wannan? Tsanwa. Tsanwa lafiya ke nan. Ko ba haka ake koya muku a wurin awo ba?"

Bai san inda maganarshi ta taɓa ba, ko kuwa ya sani, Allah masani. Maigidana ya ce, "Ke, kawo muna ruwa." Na kawo. Na shef na zuba mishi a kofin da muke ba masu tallan itace.

Da ya tafi na ce wa maigidana, "Ka ɗauki mai gadi, ka ce mishi ɓarayin jiya kaɗai zai tare. Wanda ya fara sata yau ya zo ya wuce, har a gaishe shi."

Ya ce, "Da aikin nan muke ci."

Ya ce in kwantar da hankalina, duk sa'ad da ya je Tawa inda rezo ke da ƙarfi zai ɗauko labarin da hannu ya zuba. Ya yi sau ɗaya, na gani. Na biyun ban tabbata ba. Daga nan in na tambaya sai ya ce wata mai zuwa. Baƙi suka zo suka tafi, aka ce sun yaba, har sun tsaya gaban ordinatar an ɗauke su hoto da tsanwar. Rezo kuwa yana nan yadda yake. Kullum abin tsanwa yake nunawa, safe da yamma, har na ƙi jinin launin. Ina da wani zane tsanwa da na fi so, na sa shi ƙasan akwati.

Da na ga ba mai gyara ƙofar, sai na koma kan abin da ke cikin ɗakin. Na ce mishi, "Cire hoton. Kai ke riƙe da abin, shiga ka goge."

Ya ce ba ya iyawa. Wai duk wanda ya taɓa bayanin yaro ana ganin sawunshi, kuma ba hurumin shi ba ne, amana ce aka ba shi. Na ce, "Au, yau ka san amana? Ranar shayi tana ina?" Ya tashi ya ɗauki buta ya fita, ko lokacin salla bai yi ba.

Sai washegari, yana ɗaure takalmi, bai dube ni ba, ya ce, "Hoto ɗaya abin ke riƙewa ga kowane yaro. In malama ta ɗauki sabo, tsohon ya tafi." Na ce ya tafi gaba ɗaya? Ya ce akwai wata ajiya da ake yi don gudun ɓacin rana, amma ita ma juyawa take, bayan ɗan lokaci sabo ke taka tsoho. Ya faɗa ya fice da sauri, kamar wanda ya saci maganar.

A lokacin yaron ya murmure, ya yi kumatu, ana shirin sallamarmu daga abincin leda. Ranar awo na yi sammako. Malamar nan Kirista ce, a asibitin mishan ta koyi aiki, ɗiyar wani mai wa'azi. Tana awo tana rera waƙar majami'arsu ƙasa-ƙasa, amma bakinta da kaifi, mata na shakkarta. Ta auna shi ta ce, "Madalla, ƙato. Kin gama da mu."

Na ce, "Malama, ina son ki sake mishi hoto."

"Ba a sakewa sai an yi kuskure."

"To an yi kuskure."

"Wa ya yi? Ni?"

Ba zan iya gaya mata mai gadin barci yake ba, don maganar za ta koma kan maigidana, kuma duk haushinshi da nake ji, da aikin muke ci ɗin. Mata na bayana suna jira, wata har ta fara tsaki. Na matsa kusa na ce a hankali, "Uwar mijina."

Ta daina waƙa ta dube ni. "Ta ina ce?"

"Ibohamane."

"Wayyo ƙanwata. Tawa ta Keita ce, ruwa ɗaya suke sha." Ta ɗauko allon. "Ɗaga shi in ɗauki kumatun nan, ta gani ta ji kunya."

Na ce, "Ba fuska."

"Ke kuma! Abin ba ya wucewa sai da hoto."

"Ɗauki ƙafa."

Ta tsaya tana kallona, allon a hannu. Na ɗauka za ta kore ni. Sai ta ce, "Ƙafa dai tashi ce, ba ta wani ba. Ban yi ƙarya ba." Na tsayar da shi bisa sikeli, na rufe shi da gyalena tun daga kai har gwiwa, yana ta fizge-fizge a ciki. Ta duƙa ta ɗauka. Muka leƙa tare: ƙafa biyu da ƙura, da ɗan warwaro na zare a idon sawu. Ta danna, abin ya karɓa bai ce uffan ba. Ta ce, "Ko tukunya na ɗauka karɓa zai yi. Tahi, Allah shi raya."

Ina fitowa na ga wata yarinya mutuniyar Urno, garinmu, da jariri a hannu kamar tsinke, tana jiran a kira ta. Na rusuna na ce mata in an zo hoto ta ce a ɗauki ƙafa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ja jaririnta gefe. Ban ga laifinta ba, ni ma da haka zan yi. Aka kira ta, aka tuɓe shi, na ji kukan daga waje.

A gida maigidana ya buɗe ordinatar ya ga ƙafa, ya kama dariya har da hawaye. Ni ban yi ba. Na ce ya gaya mini ranar da ajiyar za ta juya. Na dame shi da tambaya duk tsawon kaka, da ya shigo kafin ya aje jaka, har ya fara amsawa tun daga zaure, "Ba tukuna ba." Sai bayan an gama ɗaure dawa wata rana ya ce, "Ya tafi." Na sa shi ya rantse, ya rantse.

Saura suna da lamba da unguwa, waɗannan ba a sake su da ƙafa. Unguwa mun bar ta da aka ƙara kuɗin haya. Lambar kuwa, ranar kasuwa na sayi sabon layi, na cire tsohon na jefa a murhu ina dafa wake, na tsaya har ya narke. Na bi dangi ɗaya ɗaya ina ba su sabuwar, kowa na tambayar dalili ina cewa ɓata ta yi. Sunan kam yana can har yau, a rubuce kusa da kalmar tamowa. Masu irin sunanshi a Madawa kaɗai sun fi a ƙirga, da wannan nake lallashin kaina.